Awon Jiki Da Nauyin Da Ya Dace Da Ɗalibin Jami'a

 Maganarmu ta yau da ɗaliban jami'a mu ke yinta, maza da mata. Amma iyaye ma su kasa kunne, gama akwai rabonsu a ciki.

Kai ɗalibi, ko a Samaru ka ke karatu, ko Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, ko Yamai, tuna lokacin da ka zo yin rajista. A galibin jami'o'i sai an tura sabon ɗalibi asibitin makaranta an duba lafiyarsa. Aka ce ka hau sikeli, ka hau. Aka ce ka jingina da bango, aka ɗora maka wani abu a ka, aka rubuta lambobi biyu a kati. Kai kuwa hankalinka yana can wajen layin da ke jiranka a gaba, ba ka ko tambayi abin da aka rubuta ba. To, waɗannan lambobi biyu, watau nauyinka da tsawonka, su za mu koya maka karantawa yau.

Mutane su kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne a kasuwar hatsi. A wajen jikin mutum kuwa ido ya kan yi ƙarya, balle a ƙasar da a ke sa babbar riga da zane da mayafi. Har wa yau idon ko wane mutum da abin da ya saba gani. In ka koma gida hutu, mahaifiyarka za ta ce ka rame, ko da kuwa ba ka rage ko kilo guda ba. Abokanka a makaranta su ce ka yi jiki. Wa za ka gaskata? Sai sikeli da tef.

Yadda A Ke Awo

Nauyi shi kaɗai ba ya gaya mana kome. Kilo 70 ga dogon mutum daidai ne, ga gajere kuwa kaya ne. Sabo da haka tilas a auna nauyi da tsawo tare.

In za ka hau sikeli, ka hau da safe, bayan ka zaga, kafin ka karya kumallo. Cire takalmi, cire babbar riga, fid da waya da makullai daga aljihu. A ajiye sikelin a daɓe mai ƙarfi, kada a kan tabarma ko darduma, kuma ka duba allurarsa tana kan sifiri kafin ka hau. Nauyin mutum ya kan motsa da kilo ɗaya ko biyu tsakanin safe da dare, sabo da abinci da ruwa. Kada wannan ya tsorata ka. In kana so ka gwada nauyin wannan wata da na watan jiya, ka yi amfani da sikeli guda, gama sikelin mai yawo a kasuwa da na asibiti ba safai su ke yin magana ɗaya ba.

Tsawo kuwa, ka tsaya ba takalmi, ba hula. Ke ɗaliba ki kwance ɗaurin ɗankwali, ki kwantar da gashi. Dugadugai da ɗuwawu da kafaɗu su taɓa bango, idanu suna duban gaba sosai. Wani ya ɗora littafi a kwance bisa kanka, ya yi alama a bango, sa'an nan a auna daga ƙasa zuwa alamar. Da santimita a ke so a auna. In tef ɗinka na inci ne, ko wane inci ɗaya santimita 2.54 ne. Mutum mai ƙafa 5 da inci 7, alal misali, tsawonsa santimita 170 ke nan, watau mita 1.70.

Lissafin Nauyi Da Tsawo

Yanzu ɗauki alƙalami da takarda. Rubuta nauyinka da kilo. Raba shi da tsawonka na mita. Abin da ka samu, sake raba shi da tsawon nan naka. Shi ke nan. Amsar da ta fito ita ce lambar da likitoci su ke kira BMI a taƙaice.

Ga misali. Saurayi ne mai kilo 65, tsawonsa mita 1.70. Raba 65 da 1.70, za ka sami 38.2. Sake raba 38.2 da 1.70, za ka sami 22.5. Lambarsa ke nan. Ga kuma budurwa mai kilo 44, tsawonta mita 1.60. Rabawar farko ta ba da 27.5, ta biyu ta ba da 17.2.

To, mene ne ma'anar 22.5 da 17.2? Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka iyakoki ga manya, maza da mata duk ɗaya. Wanda lambarsa ba ta kai 18.5 ba, nauyinsa ya gaza, watau ya rame. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne nauyin lafiya. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima. Daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce wadda likita ya ke lissafawa cikin cututtuka. A ɓangaren rama ma akwai hawa-hawa: ƙasa da 17 rama ce sosai, ƙasa da 16 kuwa rama ce mai tsanani, wadda ba a jira da ita. Ka ga saurayin nan namu yana tsakiyar lafiya. Budurwar kuwa ta rame, kuma saura kaɗan ta faɗa hawa na biyu.

Domin wanda ba ya son lissafi, ga nauyin lafiya ga ko wane tsawo, an cika shi zuwa kilo mafi kusa:

Mita 1.50, daga kilo 42 zuwa 56
Mita 1.55, daga kilo 44 zuwa 60
Mita 1.60, daga kilo 47 zuwa 64
Mita 1.65, daga kilo 50 zuwa 68
Mita 1.70, daga kilo 53 zuwa 72
Mita 1.75, daga kilo 57 zuwa 76
Mita 1.80, daga kilo 60 zuwa 81

Lura da faɗin filin nan. Mutane biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya da kilo 18, amma dukansu lafiya lau. Sabo da haka babu wani nauyi guda da za a ce lalle shi za ka kai. Wanda ya ce maka mai tsawo kaza tilas ya zama kilo kaza, ba ƙari ba ragi, bai san abin ba.

Inda Lissafin Ya Ke Gazawa

Ya kamata ka san asalin wannan lissafi, domin ka san inda ƙarfinsa ya tsaya. Wanda ya fara shi ba likita ba ne. Wani masanin lissafi da taurari ne, mutumin Beljiyam, sunansa Adolphe Quetelet, wajen shekarar 1832. Shi abin da ya ke nema shi ne siffar matsakaicin mutum a cikin jama'a, kuma Turawa ya auna. A shekarar 1972 wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, ya gwada lissafin a kan maza fiye da 7,000, ya ga ya fi sauran hanyoyin lissafi masu sauƙi nuna yawan kitse, shi ne ya raɗa masa sunan da a ke kiransa da shi yau. Watau an gina shi ne domin auna taron jama'a. In aka zo kan mutum guda, ya kan yi daidai ga yawancin mutane, ya kan kuma kauce ga waɗansu.

Na farko, bai san bambancin tsoka da kitse ba. Ɗan ƙwallo ko ɗan dambe ko mai ɗaga ƙarfe zai iya kai 26 ko 27, ba kuwa kitse a jikinsa. Wani kuma ga shi siriri, lambarsa 23, hannuwa da ƙafafu kamar sillen kara, amma ga tumbi a gaba. Lissafi ya ce na farko ya yi nauyi, na biyu lafiya. A gaskiya na biyun ne abin dubawa.

Sai maganar shekaru, wadda ta shafi jami'a ƙwarai. Da yawa yanzu su kan shigo suna da shekara 16 ko 17, jikinsu bai gama ginuwa ba. Waɗannan ba a auna su da iyakokin manya. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fid da jadawali dabam domin masu shekara 5 zuwa 19, na maza dabam, na mata dabam. A cikinsa saurayi ɗan shekara 16 mai lamba 17 yana cikin iyakar lafiya, alhali kuwa da babba ne da an ce ya rame. In ba ka kai 19 ba, ka ce wa ma'aikacin asibiti ya duba maka a jadawalin shekarunka.

Mace mai ciki ma ba ta amfani da wannan lissafi, sai dai ta bi awon da a ke yi mata a asibiti. Haka wanda ƙafafunsa ko cikinsa su ka kumbura, gama ruwa ne sikeli ya ke aunawa. Mai ciwon sikila kuwa sau da yawa jikinsa ba ya cika kamar na tsaransa, likitansa ne zai gaya masa nauyin da ya dace da shi.

Akwai kuma maganar jinsi. An lura mutanen Asiya su kan kamu da ciwon sukari tun lambarsu ba ta kai ta Turawa ba. A Ingila, tun shekarar 2022, hukumar da ke tsara wa likitoci ƙa'idojin aiki ta ce ga mutanen Asiya da baƙar fata 'yan asalin Afirka a fara lura tun daga 23, a kuma lissafa ƙiba daga 27.5. Ba mu ce mai lamba 24 ya firgita ba. Amma in akwai ciwon sukari ko hawan jini a gidanku, kada ka zauna kana jiran sai ka kai 30.

Awon Ƙugu

Sabo da waɗannan dalilai ne likitoci su ka ƙara awo na uku. A farkon shekarar 2025 ma wani kwamitin manyan likitoci na ƙasashe da dama ya ba da shawara kada a yanke wa mutum hukuncin ƙiba da lissafin nan shi kaɗai, sai an haɗa da wani awo kamar na ƙugu. Dalili kuwa shi ne, ba duk kitse ne ɗaya ba. Wanda ya taru a cinyoyi da ɗuwawu da sauƙi. Wanda ya taru a cikin ciki, ya kewaye hanji da hanta, shi ne mugun. Shi ya ke hana jiki sarrafa sukari yadda ya kamata, shi ya ke tafiya tare da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ari tef a wurin tela. Tsaya tsaye, ɗaga riga. Lalubo ƙarshen haƙarƙarinka na ƙasa, lalubo kuma saman ƙashin kwatangwalo. Tsakiyarsu nan za ka zagaya tef, galibi kusa da cibiya ne. Kada ka auna inda wando ya ke zama, gama mai tumbi ƙarƙashin tumbin ya ke ɗaura wandonsa. Kada ka tsuke ciki. Saki numfashi kamar yadda ka saba, sa'an nan ka karanta. Tef ya kwanta a fata, amma kada ya nutse.

Ga namiji, haɗari ya kan fara daga santimita 94, watau inci 37, ya yi ƙarfi daga 102, watau inci 40. Ga mace ya kan fara daga santimita 80, ya yi ƙarfi daga 88. Waɗannan lambobi ma daga awon Turawa aka samo su, kuma ba su kula da tsawon mutum ba. Ga wata hanya wadda ta fi su sauƙi, ba ta bukatar ko tef. Samo zare ko igiya, auna tsawonka daga kai zuwa ƙasa, yanke. Ninka zaren biyu, zagaya shi a ƙugunka. In bakinsa biyu sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, ƙugunka ya wuce rabin tsawonka, kitsen ciki ya fara yawa ke nan. Mai santimita 170, ƙugunsa kada ya kai 85.

Rama

A ƙasashen Turai in an yi maganar nauyi, ƙiba a ke nufi. Mu a nan matsala biyu gare mu a lokaci guda. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cikin mata masu shekara 15 zuwa 49, kashi 12 cikin ɗari sun rame, kashi 28 cikin ɗari kuma nauyinsu ya wuce kima. A ɗaki guda na kwanan ɗalibai za ka iya samun duka biyu, gado da gado.

Ramar ɗalibi yawanci daga aljihu ta ke. Kun san lissafin nan da ku ke yi da raha, sifiri-ɗaya-sifiri, watau ba karin kumallo, a ci da rana, a kwana haka. Ga garin rogo da sukari, ga taliyar leda ba ƙwai ba ganye. Ciki ya cika, jiki bai sami abin gini ba. Sakamakonsa kasala, da jiri, da gyangyaɗi a lacca, da karatu ba ya zama, da saurin kamuwa da ciwo. Ga mata kuma akwai ƙarancin jini, al'ada ta rikice, in kuma aka yi aure aka sami ciki a haka, jariri ya kan zo bai kai kilo biyu da rabi ba.

Abincin gina jiki ba sai nama ba. Wake, da ƙosai, da alale, da awara, da gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da kunun gyaɗa, da fura da nono, da busasshen kifi, da kwaɗon zogale, duk suna bakin ƙofar makaranta, kuma sun fi lemon kwalba amfani nesa ba kusa ba. Wanda ya ke so ya ƙara nauyi ya ci sau uku, ya riƙa ɗan taɓa gyaɗa ko dabino ko aya a tsakani. Iyaye, in kuna lissafin kuɗin makaranta, ku lissafa da na abinci har ƙarshen zango, gama a makonnin jarrabawa ne guzuri ya ke ƙarewa, a lokacin ne kuwa yaro ya fi bukatarsa.

Amma akwai ramar da ba ta yunwa ba ce. In kana ci kamar yadda ka saba, sai ka ga ka zubar da kashi 5 cikin ɗari na nauyinka cikin wata shida zuwa shekara, watau kilo 3 ga mai kilo 60, tafi asibiti. Haka in ramar ta zo da tari na fiye da mako biyu, da zazzaɓin yamma, da gumin dare. Wannan sai a gwada majina domin tarin fuka, wanda ya ke son ɗaki mai cunkoso ba iska. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe a Nijeriya, wata shida a kan sha, kuma a na warkewa. In rama ta zo da ƙishirwa da yawan fitsari, a gwada sukari, ko da kuwa mutum yaro ne. Gwajin ƙanjamau ma yana cikin abin da likita zai so ya yi, kada ka ji kunya. Damuwa ita ma tana ramar da mutum. Ɗalibin da ya daina ci, ya daina barci, ya janye daga abokai, yana bukatar likita kamar mai zazzaɓi.

Yanzu ga magana da ke, ɗaliba. Mun san abin da a ke faɗi. An ce mace sai da jiki, an ce wadda ta rame ba ta cika zane. Daga nan sai ƙawa ta kawo miki ƙwaya ko ruwan magani, irin waɗanda a ke kira sha-ka-fashe. Ki san abin da ke cikinsu. Waɗansu maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki, ya kan sa barci da jiri, yana kuma iya taɓa hanta. Waɗansu kuwa dexamethasone ne ko danginsa, magani mai ƙarfi wanda likita ya ke bayarwa da awo domin cututtuka na musamman. Abin da ya ke kawowa ba jikin lafiya ba ne. Fuska ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da doron wuya, hannuwa da ƙafafu su sirance, fata ta yi zane-zane. A ciki kuma sukari ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, jiki ya kasa yaƙi da cuta. In kin riga kin daɗe kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya, gama yankewar farat ɗaya tana iya kai mutum ga halaka. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita, shi zai rage miki shi sannu-sannu.

Ƙiba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, cikin ko wane mutum takwas a duniya ɗaya yana da ƙiba. Da can a kan ɗauki tumbi alamar wadata. To, ɗalibi ba sai ya wadata ba ya ke yinsa. Yaron da a gida ya ke zuwa gona, ya ɗebo ruwa, ya taka zuwa makaranta, yanzu yana zaune daga lacca zuwa laburare, daga laburare zuwa kan waya, ko ina kuma a kan babur ko a-daidaita-sahu. Ga shayi mai sukari cokali huɗu da burodi da dare. Ga lemon kwalba. Robar kola guda mai rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 53, watau ƙaramin cokali 13. Hukumar kuwa ta ce sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya kai wajen giram 50. Roba ɗaya ta cinye rabon yini duka. Kilo biyu a shekara ba ya ganuwa, amma a shekara huɗu ya zama takwas, kuma nauyin da aka tara a ƙuruciya ba ya son tafiya.

In lambarka ta kai 25, ko zare ya ƙi haɗuwa, fara da abin sha. Mai da ruwa abin shanka, zoɓo da kunu a rage musu sukari. Rage soye-soye da yawan tuwo ko shinkafa, ƙara wake da ganye. Yi tafiya da sauri minti 30 a yini, kwana biyar a mako, ka cika minti 150 da a ke so ke nan. Daga ɗakin kwana zuwa ajin lacca ma ya isa, in ka bar babur ya wuce. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne ragewar hankali. Ba kuwa sai ka koma siriri ba za ka ga amfani: mai kilo 90 in ya rage 5 zuwa 9, jininsa da sukarinsa su kan sauka.

Ka guji shayin rage ƙiba da a ke talla a waya. Da yawansu gudawa da fitsari su ke sa mutum, ruwa ya fita, sikeli ya sauka kwana biyu, kitse yana nan inda ya ke. Ka guji kuma horon kai da yunwa. Wadda ta ga tana tsoron abinci, ko tana tilasta wa kanta amai bayan ta ci, wannan ciwo ne mai magani, ta gaya wa likita ko wata babba da ta amince da ita.

Wanda lambarsa ta kai 30 ya tafi asibitin makaranta a auna jininsa da sukarinsa, ko da yana jin kansa garau, gama hawan jini ba ya sallama. Sauran ɗalibai kuwa awo sau ɗaya a farkon ko wane zango ya isa. Rubuta kwanan wata da nauyi da ƙugu a bangon littafinka na baya, domin ranar da za ka ga likita ka nuna masa.